Daga ina kalmar “frigid” ta fito, kuma me ya sa ba a cika fassara ta da “sanyi” kawai ba?

Mai_Fassara_Kano:
Assalamu alaikum, malamai da ’yan’uwa na wannan zaure. Ina da tambaya a kan wata kalmar Ingilishi da nake yawan cin karo da ita a aikin fassarar labarai, wato “frigid”. A rahotannin yanayi na Amurka da Kanada ana amfani da ita idan sanyi ya kai intaha, to amma a labaran siyasa ma ana cewa an yi wa jakada ko shugaba “frigid reception”. Wani matashi da nake duba aikinsa ya fassara wannan da “tarba mai sanyi”, kuma duk Bahaushen da ya karanta zai ɗauka cewa an karɓi baƙon cikin natsuwa da mutunci, alhali abin da ake nufi shi ne an ƙi sakar masa fuska. Abin da nake so in sani shi ne asalin kalmar, da ko tana da dangantaka da “freeze” da kuma firjin da muke sa ruwa a ciki, sannan ta yaya kalmar yanayi ta koma kalmar siffanta halin mutum.

Malamin_Nahawu:
Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar daga harshen Latin take, harshen Rumawan da. A can ana cewa “frigus” idan ana nufin sanyi, “frigere” shi ne aikatau mai ma’anar yin sanyi, “frigidus” kuwa ita ce sifar, wato mai sanyi. Turawan Ingila sun cire ƙarshen kalmar suka bar “frigid”, kuma ta zauna da gindinta a rubuce-rubucensu a ƙarni na 17, ko da yake ’yar’uwarta “frigidity” ta riga ta shiga tun ƙarni na 15 ta hannun masu rubuta littattafan likitanci. A Girkanci akwai “rhigos”, mai nufin tsananin sanyi da karkarwar da yake jawowa, kuma masana sun tafi a kan cewa tushensu ɗaya. Abin lura shi ne, ma’anar da ta dame ka ta rashin sakin fuska ta girmi Ingilishi, domin Rumawa da kansu suna kiran mutumin da ba shi da karsashi, ko jawabin da ba shi da armashi, da “frigidus”. Ke nan Ingilishi ya aro kalmar da ma’anoninta a haɗe.

Dan_Birnin_Gwari:
Malam, ni a ganina ba sai an je Latin ba. “Freeze”, “frost”, “frigid”, “fridge”, dukkansu suna farawa da haruffa iri ɗaya kuma dukkansu sanyi suke nufi, saboda haka dangi ɗaya ne.

Malamin_Nahawu:
Ɗan’uwa Dan_Birnin_Gwari, kamannin yana da ruɗarwa, amma biyu daga cikin huɗun ne kawai dangin juna a ɓangaren Latin, sauran biyun gidansu daban. “Freeze” da “frost” kalmomin gado ne na Ingilishi, daga tsohon Ingilishi “freosan”, kuma suna da ’yan’uwa a Jamusanci, inda ake cewa “frieren” da “Frost”. Akwai ƙa’ida da masanin Jamus Jacob Grimm ya bayyana a 1822, wadda ta nuna cewa inda Latin yake da “p” a farkon kalma, harsunan dangin Jamusanci suna da “f”. Shi ya sa uba yake “pater” a Latin amma “father” a Ingilishi, kifi yake “piscis” amma “fish”. Inda kuma Latin yake da “f”, sau da yawa Ingilishi yana da “b”, kamar “frater” da “brother”. To idan aka bi wannan ma’auni, ’yar’uwar “freeze” a Latin dole ta fara da “p”, kuma akwai ta, ita ce “pruina”, raɓar da ta daskare. Don haka “frigid” da “freeze” haɗuwar hanya suka yi a cikin Ingilishi, kowace da zuriyarta.

Wannan ƙa’idar ce kuma ta nuna cewa kalmar “cold” ta yau da kullum tana da dangantaka da wata kalmar Latin ɗin daban, wato “gelu”, ƙanƙara, domin “g” na Latin yana fitowa a matsayin sautin “k” a Ingilishi. Daga “gelu” ne aka samu “gelid”, wadda ita ma tsananin sanyi take nufi amma ba a cika jin ta ba sai a waƙoƙi da tsofaffin littattafai, da “gelatin”, da “jelly”, da “congeal”, dukkansu suna ɗauke da ma’anar abu mai ruwa da ya sanƙare.

Hajiya_Mai_Littafi:
Allah ya ƙara basira, Malam. Ina so in ƙara wani abu a kan dalilin da ya sa Ingilishi yake da kalmomi biyu ko uku ga abu ɗaya. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari’a, Latin kuma ya ci gaba da zama harshen coci da makaranta, talakawa suka riƙe Ingilishinsu. Daga nan aka samu kalmar gida da kalmar littafi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Manomi zai ce “cold”, malamin jami’a ya rubuta “frigid”. Mu ma muna da irin wannan tsakanin Hausa da Larabci, domin muna cewa mutuwa, muna cewa rasuwa, malamai kuma su ce wafati, kuma kowa ya san ba a wuri ɗaya ake faɗar su ba. Saboda haka mai fassara yana bukatar ya lura cewa bayan tsananin sanyi, kalmar tana ɗauke da nauyin rubutu, ba a cika jin ta a bakin yara a wurin wasa ba.

Dan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu da muka yi karatu da Faransanci abin ya zo mana da sauƙi ta wata fuska, domin kalmarmu ta sanyi ta kullum, “froid”, ita ma daga “frigidus” ta fito, sai dai bakin mutane ya goge ta tsawon ƙarnuka har “g” da ke tsakiya ya ɓace. Haka “frío” ta Sifaniyanci, da “frio” ta harshen Fotugal, da “freddo” ta Italiyanci. Daga baya malaman Faransa suka sake komawa Latin suka ɗauko “frigide” a cikakkiyar siffarta, sai kalma ɗaya ta shiga harshen sau biyu, ɗaya ta bakin jama’a, ɗaya ta alƙalami. Game da abin da kuke kira firji kuwa, a kasuwannin Damagaram da Maraɗi “firigo” za ka ji ana cewa, daga “frigo” ta Faransanci, kuma tsofaffi a ƙasashen renon Faransa har yanzu wasu suna cewa “frigidaire”.

Injiniya_Sanyi:
Tunda an zo kan sana’ata, bari in sa baki, domin gyaran firji da na’urar sanyaya ɗaki nake yi. Frigidaire sunan kamfani ne na Amurka. William Durant, wanda ya kafa General Motors, ya sayi wani ƙaramin kamfanin ƙera firji a 1918, aka sa masa wannan suna a 1919, kuma kayansa suka yi kasuwa har sunan ya zama sunan kowane firji a wasu ƙasashe, kamar yadda mu nan muke kiran kowane garin sabulu Omo. Cikakken sunan na’urar shi ne “refrigerator”, daga Latin “refrigerare”, wato mayar da abu ya yi sanyi, kuma idan kun duba za ku ga “friger” ɗin nan a tsakiyarta. Da aka gajarta ta sai aka ƙara harafin “d” aka rubuta “fridge”, domin ta yi daidai da “bridge” da “ridge” a karatu, alhali babu “d” a wannan wurin a doguwar kalmar. Mu kuma muka ɗauka muka ce firji ko firiji. Saboda haka amsar tambaya ta biyu ta Mai_Fassara_Kano ita ce e, firjin da ke kicin ɗinka da “frigid” uwa ɗaya ta haife su.

Bahaushen_Sudan:
A nan Sudan “tallaja” muke ce wa firji, daga kalmar Larabci ta ƙanƙara. Hausawan da ke nan ma ita suke amfani da ita ko a cikin zancen Hausa.

Dalibar_Tarihi:
Malamai, a ba ni dama in kawo abu biyu daga tarihin Rum, domin suna nuna yadda kalmar take rayuwa a bakin masu ita. Na farko, gidajen wankan jama’a na Rumawa suna da ɗakuna a jere. Mai wanka yana shiga “tepidarium”, ɗaki mai ɗumi, ya wuce “caldarium”, ɗaki mai zafi da tururi wanda ake hura wuta a ƙarƙashin daɓensa, sannan ya ƙare a “frigidarium”, inda akwai kwarmin ruwan sanyi da yake faɗawa ciki. Har yau ana ganin kufan waɗannan ɗakuna a gidan wankan Caracalla a birnin Rum, da kuma a Leptis Magna da ke Libiya. Wannan yana nuna cewa a wurin Rumawa kalmar ba lallai ta nufi sanyin da ke kisa ba, tana iya nufin ruwan sanyi mai daɗi bayan zafi. A Ingilishi ne ta ƙara tsanani.

Na biyu, akwai wani yaƙi da aka yi a watan Satumba na shekarar 394 tsakanin Sarki Theodosius da abokin hamayyarsa Eugenius, a bakin wani kogi da Rumawa suke kira Frigidus, wato Kogin Sanyi, a yankin kwarin Vipava da ke ƙasar Sulobeniya ta yau. Theodosius ne ya yi nasara, kuma marubutan zamanin sun ambaci wata iska mai ƙarfi da ta taso tana dukan fuskokin mayaƙan Eugenius.

Malam_Labarin_Kasa:
Ni a aji na fara sanin kalmar, kuma a aji nake koyar da ita. A darasin labarin ƙasa ana raba duniya gida biyar: yanki mai zafi a tsakiya, yankuna biyu masu matsakaicin yanayi, da yankuna biyu da ake kira “frigid zones”, ɗaya a ƙuryar arewa ɗaya a ƙuryar kudu, daga wajen digiri 66.5 zuwa ƙarshen duniya. Wannan rabon tsoho ne ƙwarai, ana danganta shi ga masanin Girka Parmenides, kuma Aristotle ya yi bayaninsa. Abin da suka yi imani da shi shi ne, mutum ba zai iya rayuwa a yankunan ƙurya ba saboda sanyi, kuma ba zai iya rayuwa a yankin tsakiya ba saboda zafi. To Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, wato a cikin yankin da suka ce ba ya zaunuwa, haka kuma mutanen Inuit da Sami sun daɗe suna zaune a ƙuryar arewa. Ra’ayin ya faɗi, sunayen suka rage a littattafai.

Ina so kuma a lura cewa iyakar wannan yanki ta rana ce. An ja layin ne a inda ake samun aƙalla yini guda a shekara da rana ba ta fitowa, da yini guda da ba ta faɗuwa. Shi ya sa garin Tromso na Norway, wanda yake cikin yankin, bai kai wasu garuruwan Saberiya da ke kudu da layin sanyi ba, saboda ruwan teku mai ɗumi da ke ratsa gaɓarsa. A Oymyakon na Saberiya, wanda yake kudu da layin, an auna digiri 67.7 ƙasa da sifili a ma’aunin Celsius a 1933. Mafi ƙarancin da aka taɓa aunawa da ma’auni a doron ƙasa kuwa shi ne digiri 89.2 ƙasa da sifili, a tashar bincike ta Vostok da ke Antatika, ranar 21 ga Yuli, 1983.

Yaya_a_Winnipeg:
Malam_Labarin_Kasa ya kawo lissafi, ni kuma bari in faɗi abin da jiki yake ji, domin a Winnipeg ta ƙasar Kanada nake zaune. A nan idan mai hasashen yanayi ya ce “cold”, mutane ba sa canja shirinsu. Idan ya ce “frigid”, iyaye suna fara tunanin ko yara za su iya tsayawa jiran motar makaranta. A watan Janairu ana kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, idan iska ta haɗu da shi kuma jiki yana jin kamar 40, kuma a irin wannan hali fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin mintoci kaɗan. Da ka fita ka ja numfashi za ka ji gashin hancinka ya sanƙare, gemu ya yi fari da ƙanƙarar numfashinka. Motoci suna da igiyar lantarki da ke leƙowa ta gaba, ana jona ta da soket da dare domin ta ɗumama injin, in ba haka ba da safe motar ba za ta tashi ba. Saboda haka idan ana fassara rahoton yanayi, ina roƙon kada a ce “sanyi” a tsaya nan, domin mai sauraro a Gusau zai auna shi da hunturun da ya sani. A ce sanyi mai daskarar da jini, ko sanyin da ke iya halaka mutum. Wani abin da zai taimaki masu fassara shi ne, Amurkawa suna amfani da ma’aunin Fahrenheit, inda ruwa yake daskarewa a digiri 32, kuma shi da ma’aunin Celsius da muke amfani da shi suna haɗuwa ne a 40 ƙasa da sifili.

Baba_Mai_Hausa:
’Ya’yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina ganin ana yi wa Hausa ƙaramin hukunci idan aka ce sanyi kaɗai muke da shi. Muna da ɗari, wanda shi ne busasshen sanyin hunturu da ke fasa leɓe da dunduniya. Muna da jaura, iskar da ke kaɗawa da asuba tana ratsa bargo. Muna cewa muku-mukun sanyi idan ya kai matuƙa, har tsofaffi su kasa fita masallaci sai an hura musu wuta a kasko. Malamai kuma suna da zamharira, wadda ta zo a Alƙur’ani a cikin Suratul Insan, aya ta 13, inda aka ce ’yan Aljanna ba sa ganin rana a cikinta, ba sa ganin zamharira. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito an ambaci numfashi biyu na wuta, ɗaya a lokacin zafi ɗaya a lokacin sanyi, aka kira tsananin sanyin da wannan suna. Idan Hajiya_Mai_Littafi tana neman kalmar da take da nauyin littafi irin na “frigid”, to ga ta nan, kuma duk wanda ya zauna a gaban malami ya san ta.

Hajiya_Mai_Littafi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Zamharira ta dace ta fuskar nauyi, sai dai ina jin tsoron cewa a rahoton yanayi za ta ja hankalin mai sauraro zuwa lahira, alhali ana maganar birnin Chicago ne. Muku-muku ta fi kusa da kunnen kowa.

Mai_Fassara_Kano:
Na gode ƙwarai, an warware mini asali da maganar firji. Amma har yanzu tambayata ta uku tana nan. Me ya sa sanyi a wurinsu ya zama rashin kirki, mu kuma a wurinmu mai sanyin hali abin yabo ne?

Uwar_Yara_Zariya:
Malam, ni ina ganin ƙasa ce ta haifar da bambancin. Mutumin da sanyi ne yake kashe masa dabbobi da amfanin gona, wuta ce take ceton ransa, dole ya ɗauki ɗumi a matsayin ƙauna, ya ɗauki sanyi a matsayin ƙiyayya. Mu kuwa rana ce take gasa mu, saboda haka abin da muke tarar baƙo da shi shi ne ruwan sanyi daga randa da inuwa. Muna cewa Allah ya sanyaya maka, muna cewa magana ta sanyaya mini rai, muna kiran ɗa sanyin idaniya, wanda ya yi daidai da abin da ya zo a addu’ar Suratul Furƙan, aya ta 74. Zafi kuma shi ne na faɗa: zafin rai, zafin kai, zafin hannu. Don haka yaron da ya rubuta “tarba mai sanyi” ya bi kalma ya bar al’ada, sai ma’anar ta juye gaba ɗaya.

Ustaz_Dan_Azhar:
Malama Uwar_Yara_Zariya, bayaninki yana da ƙarfi, amma bai rufe ƙofa ba, domin Larabawa ma mutanen zafi ne, kuma duk da haka suna amfani da “barid”, mai sanyi, wajen aibantawa. Suna cewa barkwanci mai sanyi idan ba ya sa dariya, suna cewa mutum mai sanyi idan ba ya motsuwa da abin da ya kamata ya motsa shi. Wannan ya yi daidai da abin da Malamin_Nahawu ya ce game da jawabin da ba shi da armashi a Latin, kuma Aristotle ma a littafinsa na balaga ya ware wani sashe a kan abin da ya kira sanyin salo, wato cusa manyan kalmomi da kwatancen da bai dace ba. Ina ganin akwai wani tushen ban da yanayin ƙasa, shi ne tsohon ilimin likitanci na ɗabi’u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, wanda likitan Girka Galen ya tsara, Ibn Sina kuma ya faɗaɗa a cikin littafinsa Al-Ƙanun. A wannan ilimi zafi shi ne alamar rai da kuzari da sha’awa, sanyi kuma alamar rauni da kasala. Turawa sun karanta Al-Ƙanun da Latin a jami’o’insu tsawon ƙarnuka, kuma ta hannun likitoci ne “frigidity” ta fara shiga Ingilishi, kamar yadda aka faɗa a sama.

Baba_Mai_Hausa:
Ustaz ya yi gaskiya, kuma ko a Hausa ba kullum sanyi yake zama yabo ba. Idan aka ce yaro yana da sanyin jiki, ana nufin ba ya da kuzari a wurin aiki. Idan aka ce gwiwarsa ta yi sanyi, ya karaya ke nan. Idan aka ce kasuwa ta yi sanyi, babu ciniki. Abin da ba mu da shi kawai shi ne sanyi da ma’anar ƙin mutum ko ɗaure masa fuska.

Likita_Mace:
Tunda Ustaz ya taɓo likitanci, akwai ma’ana ta uku da ya kamata mai fassara ya sani, ko da kunya za ta hana a yawaita magana a kanta. An daɗe ana amfani da kalmar wajen siffanta rashin sha’awar auratayya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da farko maza ake nufi da ita. A dokokin cocin Katolika da aka tattara a zamanin Paparoma Gregory na Tara a 1234 akwai babi da ya yi magana a kan “frigidis”, wato mazan da suka kasa sauke haƙƙin aure, da hukuncin aurensu. A Ingilishi ma a kan maza aka fara faɗar ta a ƙarni na 17. Daga baya ne, musamman a ƙarni na 20, ta koma kan mata, ta zama kalmar zargi da gori. Likitoci sun daina amfani da ita a matsayin sunan cuta, domin tana ɗora wa mace laifi a kan abin da yake iya zama ciwo, ko gajiya, ko illar magani, ko damuwa, ko rashin kyautatawar miji. Ina jan hankalin ɗalibai da kada su siffanta mace da wannan kalma da Ingilishi suna zaton suna yabon natsuwarta, domin cin fuska ne mai tsanani. Haka kuma kada a fassara ta da “ciwon sanyi”, tunda a asibitocinmu wannan yana nufin cutar da ƙwayoyin cuta suke haddasawa, wani abu ne daban.

Dan_Damagaram:
Abin da Likita ta faɗa ya fi tsanani a Faransanci, domin a can “frigide” kusan wannan ma’anar kaɗai ta rage mata a maganar yau da kullum. Idan ana nufin tsananin sanyin yanayi ko tarbar da babu fara’a, “glacial” ake cewa, daga kalmar ƙanƙara. Mai fassara daga Ingilishi zuwa Faransanci da ya ɗauki kalmar kai tsaye zai shiga kunya.

Uwar_Yara_Zariya:
Ustaz, na karɓi maganar likitanci, amma ban janye tawa ba. Ingilishi da kansa yana yabon “cool” idan mutum yana da natsuwa a lokacin tashin hankali, wanda ya yi kusa da sanyin halinmu. Ke nan suna da matakai: sanyi kaɗan abin so ne, “cold” ya fara zama aibi, “frigid” kuma shi ne ƙarshe. Mutanen da suke rayuwa da ƙanƙara ne za su iya rarrabe matakan nan har su ɗora su a kan halin ɗan Adam. Mu a nan zafi muka fi rarrabewa.

Malamin_Nahawu:
Maganganun biyu suna iya tafiya tare, Malama, tunda Rumawa da Girkawa da suka fara wannan amfani ba mutanen ƙanƙara ba ne sosai, amma waɗanda suka gaji kalmar a arewacin Turai da Amurka su ne suka ƙara mata kaifi. Abin da zan ba Mai_Fassara_Kano shawara a kai shi ne ya bar neman kalma ɗaya. A yanayi ya ce matsanancin sanyi, ko muku-mukun sanyi kamar yadda Baba ya kawo. A siyasa ya ce an karɓe shi ba sakin fuska, ko an yi masa tarbar ko-in-kula, ko an gana fuska a ɗaure. Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma abin da “frigid reception” take nufi shi ne an shimfiɗa tabarmar an hana fuskar. A adabi kuma, idan aka siffanta rubutu da ita, ya ce rubutu ne lami, marar armashi.

Malam_Labarin_Kasa:
Saura namu na aji. A wasu littattafan ana rubuta “yankin sanyi”, amma ɗalibai suna rikita shi da Turai baki ɗaya, tunda a wurinsu Ingila ma ƙasar sanyi ce. Ni ina koyar da shi a matsayin “yankin ƙanƙara”, ko da yake na san a lokacin bazararsu ƙanƙarar tana narkewa a wurare da yawa har ciyawa ta fito dabbobi su yi kiwo.

Yaya_a_Winnipeg:
Malam, “yankin ƙanƙara” zai haɗa da mu, alhali Winnipeg tana wajen digiri 50 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, nesa da layin da ka ambata, kuma ƙanƙara tana rufe mu watanni da dama a kowace shekara. Tunda ka ce da rana aka ja iyakar, me zai hana a ce “yankin ƙuryar duniya”, a bar maganar sanyi ga darasin yanayi?

Hajiya_Mai_Littafi:
“Ƙuryar duniya” ta fi daidai ta fuskar ilimi, amma ta zubar da ma’anar da ke cikin sunan asali, kuma ɗalibin da zai rubuta jarrabawa da Ingilishi yana bukatar ya haɗa sunan Hausa da na Ingilishi a ransa. Ni zan zaɓi “yankin matsanancin sanyi”, sannan malami ya yi bayanin layin da baki. Malam_Labarin_Kasa, idan akwai malaman Nijar a cikin zauren nan da suke koyarwa da Hausa a makarantun firamare, ina so mu ji sunan da suke amfani da shi a littattafansu kafin mu tsayar da namu.